Madacin da Na Hana a Sassara

A tsakar gidanmu da ke ƙauyen Turawa akwai wani madaci da ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ce akwai, don har yau bakina bai saba da cewa babu shi ba. Kakana ne ya dasa shi tun gidan yana ɗaki biyu da dangar kara. Lokacin da na yi wayo, mutum biyu ba sa iya haɗa hannu su zagaye gindinsa, kuma in ka taso daga hanyar Karaye shi za ka fara hangowa kafin ka ga rufin gidan kowa.

Ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, yana yamma da shi, kusa sosai, har manyan rassansa biyu sun bi ta saman rufin. Ginin ƙasa ne, daga baya Baba ya yi masa rufin kwano. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, a nan ta haife ni da ƙanwata. Da Baba ya rasu, babu irin lallashin da ba mu yi mata ba ta koma wajen ɗayanmu, ko wajena a Karaye inda nake koyarwa, ko wajen ƙanwata da ke aure a Rogo Sabon Gari. Ta ce babu inda za ta je. Abu ɗaya take roƙon Allah, shi kuma ta roƙe mu: ta ƙarasa kwananta a ɗakin nan. Muka ce mun ji, muka samo wata 'yar uwarta bazawara da ke maƙwabtaka tana leƙo ta safe da yamma.

Ni ne ɗan fari, Inna kuma mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta aikena kai tsaye. In tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa ƙanwata ina zaune a wurin, in ƙanwata ba ta nan ta faɗa wa kaji ko tukunyar da ke gabanta. "A gaya wa mutumin Karaye randar nan ta tsage." Ni ne mutumin Karaye, ga ni nan kan tabarma taku uku daga inda take. Ina saurayi abin yana ba ni haushi. Da na girma sai na gano yana da sauƙi a gare ni, domin maganar da ba a fuskance ka da ita ba, in ka ga dama sai ka yi kamar ba ka ji ba. Na ci moriyar wannan sauƙin fiye da yadda ya kamata.

Baba yana da yadda yake bi da madacin. Kowace shekara in bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, sai ya ware safiya guda dominsa. Zai ɗauki gatari ya zagaya gindin, yana ƙwanƙwasa shi da bayan gatarin yana kasa kunne. Ya ce ƙarar itace mai lafiya a toshe take, in kuwa ta fara amsawa kamar ganga to kogo ya shiga. Zai duba ko gara ta yi hanya a jikin ɓawon, in ya gani ya kankare ya zuba toka. Daga nan sai ya ja da baya har bakin zaure, ya kare rana da tafin hannu, ya daɗe yana kallon sama. Yana neman reshen da ya bushe, da wanda ya miƙe ya yi tsawo fiye da ƙarfinsa, da wanda kauci ya hau, wato tsiron nan da tsuntsu ke kawowa ya kafu a jikin reshe yana shanye masa ruwa. Ko masu zuwa neman sassaƙen madaci don ciwon ciki ba ya barin su da gatari. Da kansa yake sassaƙa musu, faɗin tafin hannu, sannan ya shafe wurin da laka.

In ya gama dubawa, sai ya aika wa abokinsa, wani Bafulatani da rugarsu take wajen Ruwan Bago. Baffa muke kiransa. Siriri ne, mara yawan magana, yana tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji shi. A daidai wannan lokacin ciyawa ta ƙare a daji, shanu sun rame, madaci kuwa yana nan da ganyensa shar. Baffa zai zo da amalanke da adda da doguwar igiya, ya cire takalmi ya hau. Baba yana ƙasa yana nuni: wancan, da wancan na bayansa, bar na kudu sai baɗi. Baffa ba ya sara yadda ya ga dama. Ta ƙasan reshe yake fara ba shi adda sau biyu ko uku, sannan ya koma ta sama, don kada reshen ya yage ɓawo in zai faɗo. Kuma a karkace yake barin bakin saran yadda ruwan sama ba zai kwanta a kai ba. Waɗanda ke saman ɗakin Inna kuwa, sai ya ɗaure su da igiya tukuna, a sauke su a hankali. Sauran gefen itacen ana juyawa shekara-shekara, amma na saman ɗakin ba a taɓa tsallake su ba.

Ganye na shanun Baffa ne, itacen girki na Inna ne. Bayan kwana biyu matarsa ta kawo ƙwaryar nono da man shanu. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciniki. Madacin yakan koma tsirara-tsirara, kamar kan da aka aske da aska mara kaifi, har mu yara mu riƙa jin kunyar a gan shi haka. Baba yana cewa iskar farkon damina daga gabas take tahowa, kuma in ba ka ba ta hanya ba, da kanta za ta yi. Kafin a yi shuka ta biyu sabon ganye ya fito jajaye-jajaye, inuwa ta dawo. Bayan rasuwar Baba, Baffa ya ci gaba da zuwa shekara biyu shi kaɗai, ba tare da an aika masa ba. Ya san aikin fiye da mai nuna masa.

Sai aka tura ni bita Kano. Ba ma ni ya kamata in je ba. Ni malamin Hausa ne. Malamin labarin ƙasa aka gayyata, matarsa ta haihu, shugaban makaranta ya waiga ya gan ni ina wucewa ta bakin ofis. Kwana uku muka yi ana yi mana bayani kan kwararowar hamada. Aka nuna mana hotunan ƙauyukan da rairayi ya cinye, da rijiyoyin da suka ƙafe, da gonakin da suka koma fako. Aka raba mana riga da hula masu hoton bishiya. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma ba na ɗora musu laifin komai. Ni ne na dawo da kaina a kumbure. Na kafa ƙungiyar dashen itatuwa a makaranta, muka jera darbejiya a bakin filin ƙwallo, na fara tsayar da mashin a hanya ina yi wa masu ɗauke da itacen girki wa'azi. Duk wanda na gani da gatari ya zama abokin gabata.

Wata Asabar cikin bazarar shekarar na je Turawa, sai na tarar da amalanke a ƙofar gida. Ina shiga na ga Baffa a tsugune a gindin madaci yana wasa adda a kan dutse, takalmansa a gefe. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta da zafi, na tambayi shanu da mutanen ruga. Da gaisuwa ta ƙare sai na gyara murya.

"Baffa, bana dai a bar itacen nan ya huta."

Ya ɗago kai. "Ya huta, Malam?"

"Eh. Yanzu an hana sare itatuwa. Hamada tana tahowa, mu da hannunmu muke jawo ta."

Na yi ta zuba masa abin da na kwaso a Kano, har da Turanci a ciki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Malam, ai ni ba sarewa nake yi ba. Sassarawa nake. Tun ba ka shiga makaranta ba nake hawan itacen nan. Ka ga ya mutu?"

"Sara da sarewa duk ɗaya ne, Baffa. Ƙarfe dai ƙarfe ne."

Ni na faɗi wannan, ni da nake tsayawa gaban allo ina nuna wa ɗalibai yadda wasali ɗaya a ƙarshen aikatau ke juya ma'ana. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma na ga yana murmushi, murmushin babba ga yaro, sai zuciya ta ɗebe ni na ƙara da cewa, "Ku dai shanunku kuka sani."

Murmushin ya tafi. Ya duba addar, ya goge ta a gefen riga, ya mayar kube. Ya naɗe igiyarsa ya sa takalmi. "To, Malam, gidanka ne. Allah ya ba mu alheri." Ya je bakin ɗakin Inna ya yi mata sallama daga waje, ya fita. Ina jin ƙarar amalanken tana tafiya wayam, ba komai a kanta.

Inna tana bakin murhu, duk ta ji. Ta daɗe tana juya miya, sannan ta ce wa tukunyar, "A gaya wa mutumin Karaye, sara daban, sarewa daban. Mai gidan nan bai taɓa barin damina ta samu itacen nan da kai a cike ba." Na yi kunnen uwar shegu, na tashi na je duba tayar mashin.

Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Wannan ne ya ƙarasa lalata ni. Madacin ya barbaje, ya yi wani irin kyau da ban taɓa gani ba. Daga kowane tsohon sara rassa biyar ko shida suka fito suka miƙe sama suna tsere. A shekara ta biyu inuwarsa ta rufe tsakar gidan gaba ɗaya har ta leƙa gidan maƙwabta. Na sayo kujerun roba na jera. Na ɗauki hotonsa a waya ina nuna wa abokan aiki, har na kawo biyu daga cikinsu suka ci tuwo a ƙarƙashinsa suna yaba hankalina. Duban da Baba yake yi kuwa ban iya ba, ban kuma nemi in iya ba. Sau ɗaya na tuna na ƙwanƙwasa gindin da bayan yatsa, na ji hannuna ya yi zafi, na ce lafiyarsa ƙalau.

Inna ba ta daina faɗa ba, ta hanyarta. Wata rana tana shara ta tsaya ta dubi sama ta ce wa tsintsiya, "Itacen nan ya yi nauyi." Wallahi yabo na ɗauke ta. Wata rana kuma ta ce wa 'yar uwarta, ina zaune, in iska ta taso akwai reshen da ke goga rufi, ba ta iya jin karatun rediyo. Da ta ga abin ya ƙi, sai ta bi ta kan ƙanwata. Ita kuwa ƙanwata ba ta da kunyar kowa. Ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

"Yaya, wai me ke tsakaninka da Baffa ne? Inna ta ce rassan nan suna kan ɗakinta. Ka je ka ba mutumin nan haƙuri ya zo ya rage su."

"Ke me kika sani game da itace?"

"Ban san itace ba, amma na san Inna ba ta maimaita magana sau uku a banza."

Na ce mata katinta zai ƙare, na kashe.

A shekara ta uku, iskar hadarin farko ta karyo wani reshe mai kaurin cinya ta gefen kudu, ya faɗa kan garken awaki ya rusa dangar. Awakin sun tsira. Na zo na tsaya a kai na ce ai itace ne ke rage wa kansa kaya, haka Allah ya tsara shi. Na faɗa da ƙarfi don Inna ta ji. Amma gaskiyar magana, daga ranar na sani. Na ɗaga kai na ga yadda rassan nan biyu suka rankwafo kan rufin, kowanne ɗauke da rassa dogaye masu kaurin jikin mutum. Abin da ya rage kawai shi ne in hau mashin in je ruga in durƙusa in ce na yi kuskure. Sau ɗaya har na kama hanya. Na kai mararrabar da ake karkatawa zuwa Ruwan Bago, na tsaya, na riƙa shirya yadda zan fara maganar. Ko ta ina na ɗauko ta sai in ji muryata tana cewa ku dai shanunku kuka sani. Na juya mashin na ce ai damina ta riga ta faɗi, sai baɗi. Da baɗin ta zo, jarrabawa ta riƙe ni, na ce mako mai zuwa. Ba jarrabawa ba ce ta riƙe ni, girman kai ne, ina faɗa yanzu da ba zai amfani kowa ba.

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Ina Karaye na ga hadari ya haɗu ta gabas, baƙi mai ja-ja a ƙasansa, irin wanda iska ke riga ruwa isowa. Na taya matata kwashe shanya muka shige ɗaki. Iskar ta yi ta jijjiga ƙofa kamar rabin awa, sannan ruwa ya sauko. Ana cikin ruwan wayata ta yi ƙara. Maƙwabcinmu na Turawa ne, malamin allo wanda bangonsa ke jingine da namu.

"Malam, kana ina? Ka taho yanzu. Inna lafiyarta ƙalau, ka ji ko? Lafiyarta ƙalau. Amma ka taho."

Ban san yadda na kai ba. Na dai san na faɗi sau ɗaya a cikin taɓo na tashi. Tun daga nesa na ga saman garin ya canja, gefe guda na madacin babu shi. Da na shiga gidan, rassan nan biyu suna kwance a kan ɗakin Inna. Rufin ya lotsa har ƙasa, bangon yamma ya kife waje, ruwa yana zuba kan gadonta ta tsakanin ganye. Abin da ya cece ta, da iskar ta taso ta fita kora awaki cikin madafi, tana can ta ji ƙarar. Na same ta a gidan maƙwabcin, cikin mata, an ba ta aron zane ta lulluɓa. Na durƙusa a gabanta. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen matar gidan ta ce, "Awakin duk sun shiga kuwa?" A wurin na fashe da kuka, ina da furfura a gemu, a gaban matan mutane.

Washegari da hantsi sai ga Baffa. Labari ya kai ruga. Ya tsufa a shekarun nan huɗu, ya fara dogara sanda da gaske. Ya yi wa Inna jaje, ya yi min, sannan ya wuce wajen itacen ina biye da shi. Ya tsuguna inda reshen ya ɓalle ya sa yatsa. Cikin wurin baƙi ne, yana marmashewa kamar tsohon gawayi.

"Ka gani, Malam? Reshen da ya fito a kan tsohon sara ba shi da gindi. A fatar itace yake zaune. In yana ƙarami ba komai. In aka bar shi ya yi jiki, uwar ba ta iya riƙe shi." Ya miƙe ya nuna min inda manyan rassa suka rabu. Tsaga ta bi gangar jikin ta sauko har daidai kafaɗata. "Sauran ma ba zai tsaya ba. Kada kowa ya kwana a gidan nan sai an kawar da shi."

Na ce, "Baffa, ka yafe min."

"Ni ba ka yi min komai ba. Shanuna sun ci wani ganyen." Ya dubi katangar da Inna take bayanta.

Da yamma ƙanwata ta zo da mota ta tafi da Inna Rogo. Cewa muka yi na kwana biyu ne, kafin a gyara. Kayan da ta ɗauka ba su cika jaka ɗaya ba, don ita ma ta yarda kwana biyun ne. Cikin makon na kawo masu injin yankan katako. Yini ɗaya suka yi. Na tsaya a bakin zaure ina kallo suna sauke shi gunduwa-gunduwa, ƙarar injin tana shiga har haƙorana, har aka zo kan gindin da Baba yake zagayawa. Wannan kam sarewa ce, kuma ni na kira masu yinta. Da suka tafi rana ta cika tsakar gidan, ko'ina fayau, kaji suna ta neman inda za su raɓa.

Da itacen ya kau, gidan ya zama babu haɗari. Akwai turakar Baba da muka mayar ɗakin hatsi, rufinta yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Maƙwabcinmu ya same ni ya ce in na yarda, shi da mutanen unguwa za su kwashe buhunan, su sa kwano biyu, su share, Inna ta dawo jibi. Na ce a'a. Na ce uwata ba za ta zauna a ɗakin hatsi ba, sabon ɗaki zan yi mata na bulo da siminti, mai taga biyu, irin wanda babu kamarsa a layin. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce Allah ya taimaka. A lokacin na ɗauka don Inna nake yi. Yanzu na san kunyata nake son in binne a ƙarƙashin siminti, in mutane sun wuce su ga ɗakin su manta da abin da ya kawo shi.

Gini a damina kuwa kowa ya san halinsa. Yau ruwa ya hana, gobe magini ya tafi noman gyaɗarsa, jibi motar yashi ta maƙale. Kwana biyu suka zama wata biyu, suka shiga na uku. A Rogo ƙanwata ba ta rage ta da komai ba. Ɗaki guda ta ware mata, da fanka, da katifa mai laushi, jikoki suna kai da kawo. Amma Inna ta riƙa ramewa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Yini take a bakin ƙofa, duk wanda ya zo daga wajen Turawa sai ta tsare shi da tambaya: an yi ruwa jiya, wa ke ba awaki dusa, geron bayan gida ya fitar da kai. In na je ranar Asabar sai ta tambayi ƙanwata, "Ginin ya kai ina?" Ni kuma in amsa wa ƙanwata, ya kai taga, ya kai linta, saura kaɗan.

Cikin marka zazzaɓi ya kama ta. Aka kai ta asibiti ta kwana uku, aka sallamo ta, zazzaɓin ya sauka amma ƙarfi bai dawo ba. Asabar ɗin da ta biyo baya na same ta a kwance. Ƙanwata ta fita ɗebo ruwa, ya rage daga ni sai ita. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafafunta, sai na ji ta motsa. Na ɗago, na ga ni take kallo, cikin ido.

"Kai," ta ce. "Ka kai ni gida."

Na ce, "Inna, saura rufi kawai. An sa katako, kafinta zai buga kwano cikin makon nan."

"Ko ba rufi. Zaure ma ya ishe ni."

"Inna, da sanyin nan? Ga jikinki babu ƙarfi. Ki ƙara haƙuri kwana bakwai, ranar Asabar da kaina zan zo da mota."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To," ta juya fuskarta bango. Na fito ina gaya wa kaina na yi abin da hankali ya ce. Ko a ranar, a kan hanya, wani abu yana ce min in koma in ɗauke ta, in shimfiɗa mata katifa a zauren, in toshe ƙofar da tabarma. Awa ɗaya ce za ta kai mu. Ban koma ba.

Ranar Laraba da sassafe ta rasu. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta maƙabartar Rogo, cikin mutanen da yawancinsu ba ta san su ba. Ba na jayayya da ajali, na san inda aka rubuta wa mutum nan zai kwanta. Amma abu ɗaya ta roƙe ni a duk rayuwarta, sau biyu dama ta zo hannuna in cika mata, sau biyun na ga na fi ta sanin abin da ya dace da ita. Wannan ba na iya jingina shi ga ajali, nawa ne, kuma ina jin ciwonsa kullum.

Ranar uku muka koma Turawa karɓar gaisuwa. Muna zaune a ƙofar gida kan tabarmi, sai ga kafinta ya zo. Ya yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, amma bai tashi ba. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya matso kusa da ni ya sa hannu a aljihu. Ya ce tun ranar Talata da yamma ya gama buga kwanon, ya rataya ƙofa, ya so ya kira ni sai wayarsa ba caji. Ya miƙo min mukulli a ɗaure da zare, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga na ɗakin Inna, Malam."

Na karɓa na ce an gode. Sunan ya bi ɗakin. Har yau in mun je gidan aka nemi tabarma ko buta, sai ka ji an ce a duba ɗakin Inna. Ko sau ɗaya ba ta taka shi ba.